Amsa kan gwada kyamarar auna zafin abinci

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki tun jiya, cewa kin sayi 'yar kyamarar zafin nan da ake maƙalawa a waya don duba abincin biki da kajin firiza, amma zuciyarki ba ta kwanta da lambobin da take nunawa ba. Na daɗe ina aiki a ɗakin sanyi na kaji da kifi a nan Kano, kuma da irinta muke zagaye kowace safiya.

Ki fara sanin cewa ba ta ganin cikin abinci, zafin da ke tashi daga fatar abu kaɗai take kamawa. Na taɓa haska cinyar kaza da aka tsamo daga mai, kyamara ta ce digiri 90 a ma'aunin Salsiyas. Da na soka ma'auni mai tsinke kusa da ƙashi sai ga 58, kuma da aka yanka akwai jini-jini. Kaza kuwa sai cikinta ya kai 74 ake cewa ta dahu. Don haka in ba ki da mai tsinken, ki saya, bai kai kuɗin kyamarar ba, kuma da shi za ki riƙa ƙure ta.

Gwajin ƙanƙara shi ne mafi sauƙi. Ki daka ƙanƙara ki cika kofin roba, ki zuba ruwa kaɗan ya cike gurbi, ki juya, ki bari kamar minti uku. Wannan haɗin digiri 0 ne, a Kano ko a Landan. Ki fara tsoma tsinken ki tabbatar shi ma bai yi ƙarya ba. Ita kyamarar ki kunna ta minti goma kafin nan ta daidaita, ki shiga saitinta ki sa lambar imisibiti (wato ma'aunin yadda fatar abu ke fitar da zafi) a 0.95, wadda ta dace da ruwa da yawancin abinci. Ki haska daga sama, kusa-kusa, yadda ruwan zai cika tsakiyar hoton. In kin tsaya nesa, bakin kofi da teburi duk za su shiga lissafi.

Kada ki sa ran ganin sifili cif. Masu ƙera manyan ma sun rubuta cewa suna iya kuskure da digiri 2 sama ko ƙasa, wasu ƙananan na waya har 3. To ki duba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abinci mai sanyi ya zauna ƙasa da 5, mai zafi sama da 60. Kyamara ta nuna miki 4, alhali mai yiwuwa 7 ne. Shi ya sa ba na yanke hukuncin zubar da kaya ko ajiyewa da ita.

Tafasasshen ruwa kam ban ba ki shawara ba. Tururi na rikita ta, kuma ruwa ba ya kai 100 a nan, wajen 98 yake tafasa a Kano, a Jos wajen 96 saboda tudu. Gara ki haɗa ruwan zafi kamar na 60, ki juya, ki auna da tsinke da kyamara lokaci guda ki ga tazarar.

Inda ta fi yaudarar mutane shi ne abu mai ƙyalli. Kwanon silba da takardar foyil madubi ne a wurinta. Wata rana wani yaronmu ya rugo hankali tashe wai tiren kifi ya kai 30, ashe ɗumin jikinsa yake gani a ƙarfen! Ki manna baƙin salatif na masu wayarin wuta a jikin kwanon, ki jira kaɗan, ki auna a kansa. Ta bayan gilashin firij ma gilashin take aunawa, sai kin buɗe.

In kin fito da ita daga sanyi zuwa zafin waje, idonta kan yi gumi, ki jira ya bushe. Wannan ƙarar "ƙas" da kike ji tana yi hoto ya ɗan tsaya, gyara kanta take yi, ba lalacewa ba ce.

Mu duk wata muke gwajin ƙanƙara mu rubuta a littafi, haka kuma duk ranar da ta faɗi ƙasa. Amfaninta na gaske shi ne nuna miki inda za ki soka tsinke: katan ɗin da ya fi 'yan uwansa ɗumi, robar ƙofar firiza da ke sakin sanyi, ko kular shinkafar da ta fara hucewa kafin 'yan biki su iso.