Amsar Baffa a kan aikin gayya

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce me zai sa mutum ya bar gonarsa ya yini a ta wani ba ko sisi, alhali ga 'yan ƙwadago ga tarakta. Lissafinka bai cika ba.

Gayya iri biyu ce a wurinmu. Akwai ta ramuwa: yau a yi huɗa a gonar wane, jibi a taka. Mai gona ya sa a dama fura, a tuƙa tuwo, a raba goro, makaɗan noma na zuga samari har mutum ya manta da ciwon baya. Bashi ne da ba a rubutawa, amma kowa ya san wanda ya biya da wanda ya noƙe. Kada ka haɗa ta da golmo na mutanen Zuru; can saurayi ke yi wa surukinsa noma na shekaru domin aure, kuma dole ne a kansa.

Ta biyun nake so ka gane: gonar tsohuwar da ba ta da ɗa, ɗora jinka, yashe rijiya, haƙa kabari, share maƙabarta. Nan babu mai rama maka. To amma dubi masu zuwa. Na ga dattawan da suka ajiye aikin gwamnati suka shige gida, damuwa ta fara cin su. Da aka ja su aikin gyaran masallaci, sai fuska ta washe, barci ya dawo. Ɗan Adam na son a neme shi. Kuma a bakin aiki ake shiryawa, don mutum biyu da ba sa ga maciji da juna, in suka kama jinka ɗaya, dole su yi magana.

Ka tuna ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafa a fadamun Argungu da Birnin Kebbi. Kafin tallafi ya iso, masu kwale-kwale ne suka kwaso mutane, maƙwabta suka ba da masauki. Waɗanda suka saba aiki tare ne, shi ya sa ba a tsaya neman mai ba da umarni ba.

Ba na ce gayya ba ta da aibi. Wasu tuwon ke kawo su, aikin ma wani lokaci shafa-shafa ne, kuma mai hali ya fi talaka tara jama'a.

Maganar 'yan agajin makarantarku da ka ce suna nemanka, shiga. Sai dai ka bi masu zuwa asibiti jinya, ka bar masu jiran hoton Facebook. Ka gaida ƙannenka.