Na Kama Haya da Rani, Damina Ta Tona Asirin Gidan

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. A watan Janairu na kama ciki da falo a unguwar Agiliti, na biya kuɗin shekara, ga na ejan (dillalin gida) daban. Na tambayi ejan ko ruwa yana shiga, ya ce ko ɗigo. Bango kuwa ya sha sabon fenti. Cikin Oktoba sai ga ruwa har gwiwa, katifarmu da kayan ɗakin uwargida suka lalace. Maƙwabta sun ce ba yau aka fara ba. Mai gidan ya ce shi bai yi mini alƙawarin komai ba. Ina da haƙƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya mayar da alheri, a yi wa uwargida jaje. Kayan ɗakin mace ba ƙaramin abu ba ne, sau da yawa iyayenta sun yi shekaru suna tarawa.

Duk wanda ya daɗe a wannan yanki ya san halin Agiliti. Tana kusa da kogin Ogun, kuma idan aka saki ruwa daga madatsar Oyan da ke wajen Abeokuta a ƙarshen damina, nan yake sauka. Ejan da ke cin abinci a unguwar ba zai ce bai sani ba.

A dokar da kotunan Legas ke bi, ba a tilasta wa mai gida ya lissafa maka aibin gini in ba ka tambaya ba, an bar wa mai kamawa ya buɗe idonsa. Amma kai ka tambaya, aka yi maka ƙarya, kuma a kan ƙaryar ka fitar da kuɗinka. Wannan yaudara ce, kana iya neman a warware yarjejeniya, a maido maka ragowar kuɗin haya, har da diyya. In mai gidan ne ya wakilta ejan, da wuya ya zame daga maganar wakilinsa. Matsalar ita ce hujja. Wa ke wurin sa'ad da ya ce ko ɗigo? Akwai saƙon WhatsApp? Ka ɗauki hoton shatin ruwa a bango tun bai dushe ba, ka nemi maƙwabci ɗaya ko biyu da za su tsaya maka.

Fentin nan ne ya fi ci mini rai. Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Kai da ke sayar da albasa ka san mai shimfiɗa masu kyau a bakin buhu, ruɓaɓɓu a gindi.

Kada ka fara da kotu. Je cibiyar sasanci ta Ma'aikatar Shari'a ta jihar, kyauta ne. Ejan kuma ka kai ƙorafinsa LASRERA, hukumar da ke rajistar dillalan gidaje. In sulhu ya ƙi, akwai kotun ƙananan ƙararraki ta majistare, tana sauraron abin da bai wuce naira miliyan 5 ba. Ka tafi da rasit. Dokar haya ta 2011 ta wajabta wa mai gida ba da shi, in ya ƙi tarar naira 100,000 ce.

Kuma kada ka kwashe kaya ka tafi da fushi ba tare da ka ba mai gidan takardar ƙorafi ba, ka riƙe kwafi. Gidan da za ka kama nan gaba, ka je shi bayan an yi ruwan sama, ka duba ƙasan ƙofa da bayan banɗaki, ka tsaya wurin mai shayi ko mai shagon layin ka tambaya. Abin da ejan ya faɗa da baki, ka ce a sa shi cikin takardar yarjejeniya kafin ka tura ko kwabo.