Shawarar Lauya: Sun Musulunta, Suna Son Sare Tsamiyar Tsafin Mahaifinsu

Tambaya: Barista, muna da'awa a wani ƙauyen Maguzawa a Jihar Kano. Samari biyu 'yan gida ɗaya sun musulunta, yanzu suna so mu taya su sare tsamiyar da mahaifinsu ke yanka wa iskoki a gindinta. Ƙanwarsu mai shekara 13 kuma tana son ta biyo mu gari karatu, uban ya ƙi. Me doka ta ce?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri. Wa'azinku dai doka na bayansa. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin sauya addini da yaɗa shi, don haka ba mai ikon hana samarin nan salla. Sai dai sashen nan shi ne kuma ya kare tsohon, domin bai ce sai addinin da ke da littafi ba.

Tsamiyar nan, ku janye hannunku. A dokar Final Kod, wato dokar hukunta laifuka ta jihohin Arewa, lalata wurin ibada ko abin da wasu ke girmamawa da niyyar cin zarafin addininsu laifi ne a sashe na 211, ɗaurinsa na iya kai shekara biyu. Wanda ya zuga da wanda ya riƙe gatari duk tare za a gurfanar da su. Kada ku dogara da cewa a kotun Shari'a za a yi maganar. Tsohon ba Musulmi ba ne, ofishin 'yan sanda zai nufa, daga can sai kotun majistare. Ga kuma wutar da za ta tashi a ƙauyen, wadda su yaran za ta fara ci. Muddin fili da bishiya nasa ne, shi kaɗai ke da ikon cewa a sare.

Batun yarinyar ya ma fi ba ni tsoro. Ɗauke yarinyar da ba ta kai shekara 16 ba daga hannun waliyyinta ba da yardarsa ba, satar mutum ce a idon doka, ko da ita ce ta yi ta roƙo da kuka. Kyakkyawar niyya ba ta wanke ku a gaban alƙali.

Abin yi, ku nemi mai unguwa ko dagaci ya zaunar da ku da uban. In ya amince ta yi karatu, a rubuta, ya sa hannu ko ya dangwala a gaban shaidu, a faɗi makarantar da sunan wanda zai riƙe ta. In ya ƙi, a koyar da ita a ƙauyen da saninsa. In kuma aka kori samarin ko aka yi musu barazana saboda musuluncinsu, to nan su ne masu ƙara, ku zo da su mu shigar.