Purpendicular ba tare da Blackmore ba

Malam, ka tambaya ko kundin waƙoƙin Purpendicular na Deep Purple, ƙungiyar kiɗan rock ta Birtaniya, ya cancanci saurare tunda babu tsohon makaɗin jitarsu Ritchie Blackmore a ciki. Ya cancanta, amma in Blackmore kake nema a ciki, za ka sha haushi.

Blackmore ya fice a 1993 ana tsaka da rangadi, bayan ya daɗe ba sa ga maciji da mawaƙinsu Ian Gillan. Joe Satriani ya ɗan riƙe gurbin, sai Steve Morse, Ba'amurke, ya shigo a 1994, kundin ya fito a 1996.

Kiɗan jitar Morse tsaf yake, yatsu na gudu amma ba hargitsi. Ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda ogan ɗin Hammond (abin kiɗa mai kama da piyano) na Jon Lord ke amsa wa jitar, kamar masu hira. Muryar Gillan ce dai ba ta ƙara hawa sama irin ta shekarun 1970.