Amsa ga mai tambaya kan filastar tsohon bangon jan bulo

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce gidanku tsohon ginin jan bulo ne, duk damina gindin bango sai ya jiƙe fenti ya kumbura, birkila ya ce a kankare a yi filastar siminti mai ƙarfi da maganin hana ruwa, wani kuma ya ce farar ƙasa. Don Allah ka dakata da sayen simintin nan. Abin da birkilanka ya faɗa shi na yi a gidan mahaifinmu a Tudun Wada, kuma har yau ina jin ciwon abin.

Mun yi filasta mai kauri, muka bi da fentin mai. Shekarar farko lafiya lau. A damina ta biyu, cikin Agusta, danshin da a da yake tsayawa iya gwiwa ya hau har ƙugu, ya kuma ɓullo ta ɗakin Hajiyarmu. Atamfofinta da ke jingine da bango a akwati duk suka yi fumfuna. Na ƙwanƙwasa filastar da mukulli, na ji tana amo kamar ganga. Da muka ɓamɓare, fuskar bulon ta biyo simintin, abin da ya rage yana marmashewa a hannu, ga wani farin gari kamar kanwa.

Tsohon bango irin wannan cunkus yake, ba rami a ciki kamar bulon siminti na inci 9, kuma galibi ba a shimfiɗa masa leda ko kwalta a tushe ba. Yana tsotsar ruwa daga ƙasa, iska ta busar da shi ta fuska. Da ka lulluɓe shi da siminti ka toshe masa mafita. Simintin kuma ya fi bulon tauri, sai ya yi 'yar tsaga kamar gashi, ruwan sama ya shiga, fita ta gagara. Farin garin nan gishiri ne da ruwa ya ɗauko, shi ke cin bulon daga ciki.

Farar ƙasa, wato laim, ba ta hana ruwa shiga, kar wani ya ruɗe ka. Amfaninta shi ne tana barinsa ya fita, kuma da yake ta fi bulo laushi, ita gishirin ke ci, bulon ya tsira. Maginan da ma ba siminti suka dogara da shi ba, makuba da laso suke shafawa.

Amma kafin komai, nemo inda ruwan yake fitowa. Mu ashe daɓen tsakar gida da aka yi ta ƙarawa ya ɗara ƙasan ɗaki tudu, ruwan kwano kuma a gindin bango yake zuba. Muka rage daɓen ya koma ƙasa da ɗaki da kamar inci 6, muka karkata shi zuwa kwata, muka sa indararo. Wannan kaɗai ya rage danshin sosai.

In ka tashi aiki, ka kankare bangon a Nuwamba bayan ɗaukewar ruwa, ka bar bangon tsirara ya sha iskar rani. Kauri irin wannan watanni yake ɗauka kafin ya bushe. Ka nemi laim na buhu wurin masu sayar da sinadarai, irin wanda ake gyara ruwan sha da shi, ba farar ƙasar da ake haƙowa ba. Kwano 1 na laim, 3 na yashi mai tsabta. A shafa siriri-siriri, hawa biyu ko uku, a bar kamar mako guda tsakani, ana yayyafa ruwa safe da yamma. Daga iska filastar take samun taurinta, a hankali, shi ya sa tsakiyar hunturu ba lokacinta ba ne, za ta bushe kafin ta kama, ta tsattsage. Ma'aikata su sa safar hannu su kare ido, laim yana ƙuna. A ƙarshe a shafe da ruwan laim ɗin, ban da fentin mai, ban da tayil.

Birkila zai yi ƙorafin jinkiri, ka yi haƙuri da shi ka tsaya a kan aikin. Idan kuma akwai sabon sashe na bulon siminti a gidan, can siminti ba laifi. Turo mana hoton gindin bangon daga waje mu ga tudun daɓen. Allah ya sa a dace.