Ƙanina ya maƙale a Agadas, an ce mu biya a kai shi Kanada

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Jami'an Aljeriya sun kama ƙanina yana aikin gini, suka jibge su a sahara, yanzu yana Agadas ba ko sisi. Wani ya ce in mun turo kuɗi zai samo masa katin UNHCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, a kai shi Kanada. Hajiyarmu har ta sa gonarta a kasuwa. Yaya za mu yi? Daga 'yar'uwarku a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, don Allah ki hana Hajiya sayar da gonar nan.

Na san irin wahalar da ya sha. Ana sauke su ne a bakin iyaka, su taka kusan kilomita 15 cikin rairayi kafin su isa garin Assamaka na Nijar, wasu ƙafa ta kumbura, an ƙwace waya, ba ruwa a hannu. Tun yarjejeniyar Italiya da Libiya ta 2017 da ta Tarayyar Turai da Tunisiya ta 2023, Turai ta damƙa wa ƙasashen arewacin Afirka gadin ƙofarta, talaka yake kwana a ciki.

Amma maganar katin nan ƙarya ce tsagwaronta, kuma kullum sai na ji ta. Katin ɗan gudun hijira ba biza ba ne. Ba a sayar da shi, duk hidimar UNHCR kyauta ce. A Nijar ma kwamitin gwamnati ne ke yanke hukunci kan wanda ya cancanci mafaka. Yarjejeniyar Janiba ta 1951 kan 'yan gudun hijira tana kare wanda ake tsangwama saboda launin fata, addini, ƙasa, ra'ayin siyasa ko rukunin da ya fito. Neman abinci ba ya ciki, komai tsananin talauci. Su kansu waɗanda aka tabbatar 'yan gudun hijira ne, ƙasa da kashi 1 cikin 100 ake kai wa wata ƙasa a shekara. Akwai 'yan Sudan da suka tsere wa yaƙin Darfur, sun shekara da shekaru a sansanin Agadas suna jira. To wane dillali ne zai tsallakar da ƙaninki layinsu? Abin da suke yi, su karɓi kuɗi, su haddatar da yaro labarin ƙarya, a kama shi wurin tambayoyi, su kashe waya. Masu cin kuɗin uwa tana kuka, ku ji tsoron Allah!

In da gaske akwai barazana ga ransa a gida, ya je da ƙafarsa ya faɗi gaskiya. In babu, ya yi rajista a cibiyar IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, da ke Agadas, suna mayar da mutane gida kyauta, sai dai layin na da tsawo. Kafin nan ku riƙa tura masa ɗan na abinci da magani kai tsaye.