Me ake nufi da "tape up" a Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani shagon aika kaya a Kano. Jiya maigidana ya turo min saƙo cewa: "Tape up the cartons before the driver comes." Na san *tape* salatif ne, amma me ya kawo *up*? Sama zan ɗora kwalayen?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A'a, babu maganar ɗorawa sama. Cewa yake ka liƙe kwalayen da salatif tsaf kafin direba ya iso.

Wannan *up* ɗin ita ce ke rikita ɗalibaina, alhali muna da irinta a Hausa. Dubi bambancin "ci" da "cinye", ko "sha" da "shanye". Wanda ya sha koko yana iya ragewa, amma wanda ya shanye ya bar kofi wayam. Haka Bature ke yi da *eat* da *eat up*, *drink* da *drink up*. Mu ƙarshen kalma muke sauyawa, shi kuma sai ya ƙara *up*. Saboda haka in ka ɗan manna guntun salatif a bakin kwali, ka yi *tape* kawai. In kuwa ka ja shi ƙiiii, ka bi baki da gindi da kusurwoyi har ba inda yatsa zai shiga, to ka yi *tape up*. Haka ake cewa in an naɗe wa ɗan ƙwallo idon sawu da filasta.

Ka kula da jeri. *Tape up the box* daidai ne, *tape the box up* ma daidai ne. Amma da *it* ko *them*, dole su shiga tsakiya: *tape it up*. Ba a cewa *tape up it*.

In ka gama za ka ba maigida amsa, rubuta "I have taped them up", da *p* ɗaya. *Tapped* mai *p* biyu daga *tap* take, wato ƙwanƙwasawa, kuma kuskure ne da nake yawan gani.

*Tape up* tana da 'yan'uwa da za ka ci karo da su. *Tape down* ita ce manne abu a ƙasa ko kan tebur, kamar wayar lasifika don kada ta harɗe mutane. *Tape off* kuma killace wuri ne, irin yadda 'yan sanda ke yi a inda aka yi haɗari.

Kalmar salatif kanta daga Sellotape ta fito, sunan wani samfuri na Ingila. In abokin cinikinku ɗan Amurka ne, *Scotch tape* za ka ji ya ce, faffaɗan na kwali kuma *packing tape*.